Ɗaurin Kakuri a Kan Dutsen Ƙanƙara

Lokacin da nake aikin fita, wato gyaran injuna, a masaƙa a Kakuri, ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda mai lemo yake fasawa da guduma ya zuba a cikin kula. Da za ka gaya wa mutum a wancan zamani cewa akwai ƙasashen da ake ɗaukar hutu a hau dutse don kawai a zamo daga kansa a bisa falankai biyu, sai ya tambaye ka abin da ka sha. Yau kuwa kowane yaro yana da wannan a wayarsa. Ina zaune a ƙofar gidana a unguwar Television sai samari su zagaye ni, wannan ya ce mutanen ofishinsu za su je hutun ƙarshen shekara, wancan ya ce shi aiki yake nema a can.

"Baba Ayuba, an ce ka daɗe a harkar nan. Ai ba wani abu ba ne, ko? Ka tsaya kawai, gangara ta yi sauran."

"Aikin shagon ma," in ji wani, "ba miƙa wa mutane takalmi ba ne kawai?"

Saboda su nake rubuta wannan. Na yi aikin shagon hayar kayan zamiya a Labanan, da Turkiyya, da Ostiriya, na ƙare a Faransa. A hanya na tsinci Larabci da Faransanci da ɗan Jamusancin da zai ishe ni in tambayi mutum nauyinsa, a kan yarenmu Jju na gida da Hausa da Turanci. A duk harsunan nan na ji yadda mutum yake ihu idan ƙafarsa ta murɗe, kuma babu bambanci.

Da masaƙa ta rufe, na koma gyara wa wani ɗan Labanan janareto. Shi ya haɗa ni da wansa, Mu'allim Butros, mai shago a kan dutse a ƙasarsu. Aikin da ya fara ba ni shi ne busar da takalma. Da yamma za a dawo da su jiƙe da gumi, in zaro cikinsu, in jera a kan bututun iska mai ɗumi, in fesa magani. Warin ɗakin nan ya fi na kwatar bayan kasuwa. Sanyi guda cur na yi a haka, bai bar ni na taɓa sukudireba ba. Na ce masa ni fa injin saƙa nake kwancewa in mayar. Ya ce, "Injin saƙa ba shi da gwiwa, ya Ayyub. Ka fara sanin ƙafa tukuna."

Kayan wasan iri biyu ne. Akwai siki, falankai biyu dogaye, kowace ƙafa da nata. Akwai sinobod, allo ɗaya mai faɗi da ake ɗaure ƙafa biyu a kansa a tsaya a karkace. Kayan aikinmu kuwa ba su da yawa: magagari na wasa ƙarfen gefen falanki, dutsen guga na narka kaki a shafe ƙasansa, abin kankarewa, buroshi, sukudireba, sai injin niƙa da ke daidaita ƙasan falankin idan duwatsu sun yage shi. Idan gefen ya dakushe, falanki ba ya cizon ƙanƙara, mutum ya yi ta sulalewa a kaikaice kamar mota a laka. Idan ka wasa shi fiye da kima ga sabon shiga, sai ya kama inda ba a so ya kayar da shi. Kakin sanyi mai tsanani daban, na ranar da dusar ƙanƙara ta yi laushi daban. Da hannu ake sanin wannan, da hanci kuma, domin kaki idan ya ƙone yana gaya maka.

Na tuna wani likita ɗan Mahuta da ke zaune a Ingila, ya zo shagonmu a Ostiriya. Da ya ji na yi Hausa sai ya rungume ni. Na auna ƙafarsa na kawo takalmi, ya sa, ya ɓata fuska.

"Haba Baba, wannan ai kurkuku ne. Ƙaro min lamba biyu, zan sa safa uku."

Na ce masa takalmin nan ba na zuwa coci ba ne. Dole ya kama dunduniya da idon sawu kamar hannun mai gaisuwa, yatsu kawai ke motsi, safa kuma ɗaya tak, siririya. Mu a gida mun saba sayen takalmi da sarari, mun kuma ɗauka yawan safa ne ɗumi. A can yawan safa yana matse jini, ƙafa ta yi gumi, gumin ya huce, yatsu su mutu da sanyi. Babban takalmi kuma, ka juya ƙafa ta juya a ciki, falanki bai san ka juya ba. Ya ji maganata rabi: ya karɓi lambarsa, amma ya ƙara safa a ɗakinsa. Kafin azahar ya dawo yana tafiya kamar mai kaciya, yatsunsa sun yi fari. Muka zauna yana ɗumama su yana ba ni labarin yadda Mahuta ta cika da gidaje.

Kowace ƙasa da irin masu zuwanta. A Labanan rabinsu sun zo a gan su ne, tabarau ya fi falanki muhimmanci. A Ostiriya kamar gona suke zuwa, da sassafe, ba hira, yaro bai gama iya magana ba an ɗora shi a kan falanki. Turkawa sai sun sha shayi sun yi ciniki. Mutanen Ingila da rana suke fara sha, su ne masu cika asibiti da yamma. Namu kuwa hoto ne ya kawo su, kuma ba su son a gan su a filin koyon yara. Abin da ya haɗa su duka shi ne ƙarya a gaban kanta: maza su ƙara wa kansu iyawa, kowa ya rage wa kansa nauyi. Mu'allim Butros ya gaji da wannan, ya binne sikeli a ƙarƙashin tabarmar da ake tsayawa a kai.

Ga mai shirin zuwa hutu, abin da zan ce kaɗan ne. Kada ka sayi kaya, ka yi haya. Ka biya malami ya koya maka tsayawa kafin tafiya, abokinka da ya je sau ɗaya ba malami ba ne. Hular kwano dole. Ka sa tabarau ko da hadari, domin farin nan yana ƙona ido, ka kwana kamar an zuba maka yashi. Baƙar fata ma tana ƙonewa, leɓe ya tsage, kada ka ce man rana na Turawa ne. Ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi. Kada ka tsaya hutawa a ƙasan tudu inda na sama ba ya hango ka. Mai sinobod idan zai faɗi kada ya tokare da tafin hannu, wuyan hannu ne ke tafiya. Ka yi inshora kafin ka bar Kaduna. Idan kuma ƙafafunka sun fara rawa, wani ya ce a ƙara zagaye ɗaya na ƙarshe, ka ce ka gode.

Amma zuciyar aikinmu ƙarfe ne guda da ke kan kowane siki, mai baki biyu, ɗaya yana kama kan takalmi, ɗaya yana kama dunduniya. Kowace ƙasa da sunan da take kiransa, ni mariƙi nake ce masa. A cikinsa akwai sifirin, da sukurun da ake juyawa a ƙara masa ƙarfi ko a rage, da 'yar taga mai nuna inda aka tsaya. Aikinsa biyu ne, ya riƙe, ya kuma saki. Idan mutum ya faɗi, dogon falankin ya kafe a dusa, jiki kuma ya ci gaba da juyawa, dole wani abu ya ba da hanya. Ko mariƙi ya buɗe, ko gwiwa ta buɗe. Shi ya sa muke tambayar nauyi, da tsawo, da shekaru, da iyawa, mu juya sukurun daidai, mu ɗora a injin gwaji mu ga ya saki a inda ya kamata. Na sabon shiga sako-sako ake barinsa da gangan. Wannan shi ne abin da Ifeanyi bai taɓa yarda da shi ba.

Ifeanyi makaniki ne, haifaffen Kakuri, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan. Tun ina masaƙa shi ke gyara min babur, kafin ya buɗe garejin motoci. Injiniya muke ce masa. Wata shekara na dawo hutu daga Faransa na tarar faɗaɗa hanya ya cinye garejin, yana gyara a gindin bishiya, ga mata ga yara a makaranta. Matar da nake wa aiki a lokacin, Madam Odil, tana neman mai kula da injinanta. Na yi masa magana, ta yi masa takardun aikin sanyi, muka tafi tare. Shirinsa a fili yake: ya yi aikin sanyi na 'yan shekaru a can, ya dawo ya buɗe gareji mai ramin shiga ƙarƙashin mota a Sabon Tasha.

Ranar da ya fara shiga shagon, injin niƙa yana wani kuka da ya daɗe yana yi. Ifeanyi ya ɗora tafin hannu a jikinsa, ya karkata kai, ya ce a ba shi sifana. Kafin Madam ta gama waya da kamfanin da ya ce sai mako mai zuwa, kukan ya tafi. Daga nan babur ɗin dusa, da injin busar da takalma, da tsohuwar motarta, duk suka koma hannunsa. Ta kasa faɗin sunansa, sai ta ce Ifi.

Wanda bai san Kakuri ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. A garejinmu idan an ɗaure notin taya, sai an zura bututu a sifana, mutum ya hau da ƙafa ya yi tsalle, har notin ya yi ƙara. Da dalili. Motar nan hanyar Kaciya za ta bi, ramukan hanya za su girgiza duk abin da ba a matse ba, kuma idan taya ta fita ba direba ake nema ba, makaniki ake nema. Yaron gareji da notinsa ya kwance ya san marin da zai sha. A wurinmu abin da ya kwance abin kunya ne, abin da ya ɗauru tamau shi ne aikin kirki. Ifeanyi ya yi shekaru fiye da talatin a kan wannan.

Da na nuna masa yadda ake saita mariƙi, ya ga injin gwaji ya murɗa takalmi ya fitar da shi, sai ya riƙe haɓa.

"Nna, tsaya. Ka ɗaure abu, ka gwada, ya fita, sai ka ce ya yi?"

"Haka ake so."

"Abeg, Dattijo. Da ogana ya ga wannan, da ka kwana da kunne ɗaya."

Duk da haka na baƙi bai taɓa ƙara musu ko rabin juyi ba. Yana gunaguni, amma abin da ma'auni ya ce shi yake yi. Ya ce ƙafarsu ce, dokarsu ce. Shi kansa kuwa ya ƙi hawa falanki. Na yi, na yi, ya ce shi gyara ya zo yi, Allah ya ba shi ƙafa biyu masu tafiya, ba zai ɗora su a kan katako ba. Shagon yana gindin dutse, a bakin titi, don haka babu wanda ya matsa masa.

Sai mummunar shekara ta zo. Ƙauyen da shagon yake ba shi da tsawo sosai a kan dutsen. Disamba ta shiga, ciyawa tana nan kore. Kirsimeti ta zo da ruwan sama. Masu dutsen suka kunna injinan fesa dusa, suka shimfiɗa siririn layi fari a kan tudu mai launin ƙasa, kamar bandeji a ƙafar jaki. Da rana ya narke, da sanyin safe ya daskare, ya zama kamar daɓen siminti da aka zuba wa ruwan sabulu. Falankai suna dawowa a yage, muna ta cike ramuka. Daga baya ma suka daina fita. Muna zaune daga safe zuwa yamma, takalma a jere a bushe, Madam tana amsa waya ana soke zuwa. Shagon da ke kallonmu ya rufe, otal ɗin kusa ya sallami ma'aikatansa.

Bayan sabuwar shekara ta kira mu. Ta ce za ta rufe shagon ƙasa, ta kwashe abin da za ta iya zuwa wani ɗan ɗaki can sama, inda dusa ta rage kuma mutane ke zuwa. Kujerun igiya masu hawa da mutane kan dutse za su kai mu da safe. Amma suna tsayawa kafin mu gama rufe shago, don haka da yamma kowa a kan falankinsa zai sauko, ta wannan siririn layin.

"Ayuba ya iya," in ji ta. "Ifi, kai fa? Kafin hutun makarantu ina so in gan ka ka sauko da kanka. In ba haka ba, ba ni da inda zan ajiye ka, sai ka koma gida."

Na fassara masa, ko da yake ya riga ya gane. Komawa a tsakiyar sanyi yana nufin komawa gindin bishiya, garejin Sabon Tasha kuma shi ke nan. Ya dubi falankan da ke jingine a bango, ya ce, "To, Dattijo. Ɗora ni."

Na zaɓa masa gajeru, na saita mariƙin a na sabon shiga mai shekaru irin nasa, muka riƙa fita filin koyon yara a lokacin cin abincin rana. Mutum ne mai jiki da ƙarfi, kuma ƙarfi ba ya taimako a nan. Yana faɗa da gangara kamar yana kokawa da giyabos. Ya jingina baya, falankai su gudu su bar shi. Duk faɗuwa, ɗaya ya fita ya sulale, shi kuma ya bi shi da rarrafe. Yara kuwa suna wucewa a layi bayan malamarsu kamar 'ya'yan agwagwa. Wata rana wata ƙaramar yarinya ta tsaya, ta ɗauko falankin ta miƙa masa da hannu biyu, ta wuce. Ya zauna a dusa yana kallon bayanta.

"Ka gani? Sa'ar autata ce ke tsince min kaya. Ita nata bai fita ba."

"Ita ba ta faɗi ba, Injiniya."

"Abin nan sako-sako ne. Shi ke kayar da ni."

"Kai ke faɗuwa, shi kuma ya sake ka."

Amma ba duka maganarsa ce banza ba. Da muka fara gwada layin gaske, a kan wannan daskararren daɓen, falanki yana kakkarwa kamar mota a kan hanyar da greda ta bari. Sau ɗaya yana tafiya daidai, bai yi kuskuren komai ba, na hagun ya fita haka kawai. Ya kifa da fuska, leɓensa ya fashe. Ya tashi yana tofar da jini a kan farin nan.

"Yanzu kuma wa ya faɗi? Ni ko shi?"

Na ƙara masa ɗan abin da ma'auni ya yarda a irin wannan hali, na gwada a inji, na ce iyakarsa ke nan. Washegari ya faɗi sau da yawa, falanki ko ɗaya bai fita ba. Da muka koma na ɗauki nasa na duba tagar. An juya sukurun sosai. Na mayar da shi yana kallona.

"Wa ya ce ka taɓa min kaya?"

"Gwiwarka nake taɓawa, ba kayanka ba."

"A Kakuri, in taya ta fita a kan hanya, wa ake kamawa?"

"Wannan ba taya ba ce. Taya ba a so ta fita ko da mota ta kife. Wannan in ka kife so ake ya fita."

"Dattijo, ka daɗe da Turawa, hannunka ya yi laushi. Na baƙi na baƙi ne, na bar muku. Nawa nawa ne."

Na gaya wa Madam. Ta kira shi ta yi masa faɗa da Faransanci, ta nuna gwiwarta, ta yi alamar karya itace. Ya ce "Wi, Madam," ya sunkuyar da kai. Daga ranar, kowace safiya ina duba nasa kafin mu fita, kuma kullum ina samunsa yadda na bari. Ya kuma soma iyawa. Yana juyawa dama da kyau, hagu da ƙyar. Mun sauko tare daga sama, a hankali, yana tsayawa yana haki, yana zagin dutsen da Igbo.

Ranar da Madam ta ce za ta biyo mu ta gani, da safe na duba, lafiya lau. Muka yi aiki a ɗakin sama. Da yamma kujerun igiya suka tsaya, inuwar dutse ta rufe layin, abin da rana ta narkar ya soma ƙanƙarewa. Ina kulle ƙofa, Madam tana ɗaure hularta, na hango shi can gefe a durƙushe a kan falankansa. Na ɗauka dusa yake kakkaɓewa daga ƙasan takalmi, kamar yadda na koya masa.

Shi ne a gaba, ni a bayansa, Madam a bayana. Ya yi kyau a rabin farko, har ya ɗaga sanda ɗaya yana min alama. A wata kwana ta hagu, inda layin ya tsuke, bakin falankinsa na dama ya fita daga ƙanƙara ya caki tarin jiƙaƙƙiyar dusa a gefe, ya kafe. Ba gudu yake ba. Yaro mai keke zai wuce shi. Jikinsa ya ci gaba da juyawa a hankali, duk nauyin nan, falankin kuma yana tsaye inda yake. Na ji ƙarar daga inda nake, kamar an karya rake.

Da na isa, falankai biyu suna nan a ƙafarsa, babu wanda ya fita. Ƙafar dama tana kallon inda ƙafa ba ta kallo. Na danna dunduniyar mariƙin in cire masa, ya ƙi buɗewa sai da na hau da ƙafa. Tagar ta kai ƙarshe. Sukudireba tana aljihun rigarsa. Madam ta durƙusa ta riƙe kansa tana kiran masu ceto. Bai yi ihu da yawa ba. Cewa yake ta yi, "Dattijo, ta gani? Ta ga na sauko rabi?" Suka zo suka naɗe shi a cikin abin ja mai kama da kwalekwale, suka gangara da shi.

Likita ya nuna min hoton, ya ce kan ƙashin ƙauri ya tarwatse a cikin gaɓar, jijiyoyin da ke riƙe gwiwa kuma sun tsinke. Ya tambaye ni wa ya saita masa mariƙi. Na ce shi da kansa. Ya ce yana ganin irin wannan a wurin samari masu tsere, bai taɓa gani a wurin mai koyo ba. Aka yi aiki, aka sa ƙarafa, ciwon ya yi ruwa, aka sake buɗewa. Madam ba ta kore shi ba, tana zuwa asibiti da miya a kwano. Ni kaɗai na ƙarasa sanyin a ɗakin sama, ina gyara, ina miƙa takalma, ina saukowa da yamma ta wannan kwanar.

Ya dawo Kaduna da sanda. Gwiwar tana lanƙwasawa kaɗan, daga nan ta tsaya. Makaniki kuwa da gwiwa yake cin abinci: tsuguno, durƙuso, shiga ƙarƙashi, fitowa. Ya gwada. Wani abokinsa a Sabon Tasha ya ba shi wuri, ya kwanta a kan kwali ya ja jiki ya shiga ƙarƙashin wata bas, ya gyara abin da ya shiga gyarawa, sannan ya kasa fitowa. Sai da mutum biyu suka jawo shi ta kafaɗa, mai motar yana tsaye yana kallo.

Da na bar aikin na dawo gida gaba ɗaya, na je na same shi. Yana zaune a kan benci a bakin wani ɗan shago na ƙanin matarsa, yana sayar da filogi da bel da man birki, ƙafar a miƙe a kan bulo. Ya sa aka kawo min lemo. Muka yi hirar Madam, da warin takalma, da yarinyar da ta miƙa masa falanki. Can ya ce:

"Amma Dattijo, ka faɗi gaskiya. Da ban ɗaure ba, ya fita a gabanta fa?"

"Da ka tashi ka ɗauko shi."

Wani ya zo neman filogi, Ifeanyi ya miƙa hannu baya ya ɗauko masa ba tare da ya juya ba.

Madam Odil ba ta sake buɗe shagon ƙasa ba, domin dusa ta daina sauka a ƙauyen yadda za a dogara da ita, an kwance kujerun igiya na ƙasa an sayar. Garejin Sabon Tasha ba a gina shi ba. Ifeanyi kuma tun ranar bas ɗin nan bai ƙara shiga ƙarƙashin mota ba.